Kafin Ka Buɗe Kamfani a Birtaniya, Tambayi Matsayin Kwangilar

Ƙannenmu masu shirin aikin kwangila a Birtaniya, musamman a fannin kwamfuta da injiniyanci, kan tambaye ni wanne ya fi: mutum ya yi rajistar kamfanin kansa, ko ya shiga ƙarƙashin kamfanin laima, wato wanda zai ɗauke shi a matsayin ma'aikaci, ya karɓi kuɗin kwangilar, ya cire haraji, sannan ya biya shi albashi. Na bi hanyoyin biyu, kuma babu wadda ban yi tuntuɓe a cikinta ba.

A shekarar 2019 na yi rajista a Companies House, hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya, da fam 12 kacal, saboda wani abokin aiki ya ce a nan romon yake. Bai yi ƙarya ba, domin za ka yanka wa kanka ɗan albashi, sauran kuma ka ɗauka a matsayin rabon riba, wanda ba a cire masa kuɗin inshorar ƙasa, wato kason da gwamnati ke cira daga albashi baya ga haraji. Abin da bai gaya mini ba shi ne, kuɗin da ke asusun kamfani ba nawa ba ne, ko da ni kaɗai ne darakta kuma ni kaɗai ke da hannun jari. Duk wata kuɗi na shigowa, ni kuma ina turawa gida ana ɗora bulo a ginin da na fara. Harajin kamfani, wanda a lokacin kashi 19 cikin 100 ne na riba, wa'adinsa ba ya cika sai wata tara da kwana ɗaya bayan rufe shekarar lissafi, don haka na sha'afa da shi. Ranar da akanta ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ya ɗora bakin biro a kan adadin, ya ƙara da cewa abin da na ɗiba fiye da riba bashi ne da kamfani ke bi na, sai da gumi ya keto mini duk da sanyin da ake yi. Ginin nan ya shekara a tsaye a daidai linta.

Tambayar da ya kamata in fara yi tun farko ita ce ta dokar IR35, wadda aka kafa a 2000 don gano wanda sunansa ɗan kwangila amma aikinsa na ma'aikaci ne. Tun watan Afrilun 2021, manya da matsakaitan kamfanoni masu ba da aiki su ne ke yanke matsayin kowace kwangila, wato ko tana cikin dokar ko wajenta, kamar yadda ma'aikatun gwamnati suka fara a 2017. Da aka sanya tawa cikin dokar, harajina ya koma kusan na ɗan albashi, kamfanina kuma ya zama kaya, amma na ci gaba da biyan akanta wata da watanni don ina jin daɗin a kira ni darakta.

Da na koma laima, na sake yin gaggawa. Dillalin aiki ya ce fam 400 a rana, na ɗauka albashina ke nan. Ashe daga ciki ake fitar da ladan kamfanin laimar, da kason inshorar ƙasa na mai ɗaukar aiki, wanda ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15 a 2025, da kuɗin hutu da na fansho, kafin a zo kan harajina. Wani kamfani ma ya yi mini alkawarin kashi 85 a hannu, wai za a rubuta wani ɓangare na kuɗin a matsayin rance don kada a cire masa haraji. Allah ne ya tsare ban sa hannu ba, domin hukumar haraji ta HMRC na iya dawowa kan ma'aikacin ta nemi kuɗinta, ko bayan shekaru.

A ganina, wanda kwangilarsa ke wajen IR35, yana sa ran daɗewa a harkar, kuma zai iya ware kuɗin haraji a wani asusu dabam bai taɓa ba, kamfani ya fi masa, duk da cewa ribar ta ragu: rabon ribar da ba a yi wa haraji ya sauko daga fam 5,000 a 2016 zuwa fam 500 a 2024. Wanda aikinsa na wata uku ko shida ne, ko yana cikin dokar, laima ta ishe shi. Mai bizar karatu kuwa, doka ta hana shi aikin kashin kansa, don haka ya fara duba sharuɗɗan takardarsa. Kafin ka sa hannu, nemi hukuncin IR35 a rubuce, tare da takardar da ke nuna kowane fam da za a cire daga kuɗin ranarka.