Yadda Na Yi Jinyar Ciwon Waswasi Ina Ɗalibi

Waswasin alwala ya kama ni ne ina tsakiyar karatun jami'a. Nakan tsuguna a bakin famfon masallaci ina maimaita wankin gaɓɓai har fatar yatsuna ta yi fari ta tattare, a tayar da salla a idar ban gama ba, sannan in miƙe da kokwanton ko na shafi kai.

Masaniyar halayyar ɗan Adam da aka tura ni wurinta ta bayyana mini cewa wannan ciwo ne sananne da likitoci ke kira OCD, kuma yana tafiya ne da abu biyu: tunanin da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, da aikin da yake maimaitawa don hankalinsa ya kwanta. Wannan ɗan kwanciyar hankali shi ne abincin ciwon, domin yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa da ba a maimaita ba da wani abu ya faru. Tun a 1978 Stanley Rachman da Padmal de Silva suka nuna cewa yawancin masu lafiya ma irin wannan tunani yana zo musu, sai dai ba sa biye masa.

Hanyar da muka bi ita ce wadda Victor Meyer ya fara gwadawa a Landan, ya wallafa sakamakonta a 1966, wato a tunkari abin da ake tsoro, kuma a hana kai maimaitawa. Muka jera abubuwan da ke tayar mini da hankali, na ba kowanne maki daga 0 zuwa 100, muka faro daga mafi sauƙi. Ranar da na fara yin alwala ɗaya tak na miƙe, ƙirjina ya yi ta bugawa, gumi ya jiƙa mini riga, amma da na daure sai fargabar ta kai iyakarta ta sauko da kanta. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daina tambayar abokin ɗakina, "Malam, ka ga na wanke ƙafar hagu kuwa?", domin neman tabbaci daga wani shi ma maimaitawa ne, ko da yake mai amsawar tausayi ne ke sa shi.

Na ji tsoron kada wannan hanya ta saɓa wa addini, sai malamina ya buɗe mini Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka ce wanda shakka ta aure shi a salla ya yi watsi da ita, ya yi sujadar ba'adi kawai. A ganina ya kamata masu jinyar wannan ciwo a ƙasarmu su san wannan hukunci, saboda shi ya ba ni ƙarfin zuciyar ci gaba. Batun magani kuwa na likita ne, amma binciken da Edna Foa ta jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 2005, ya gano cewa wannan horo ya fi ƙwayar clomipramine ita kaɗai tasiri.

Mun kuma lura cewa ciwon yana tsananta ne idan jarrabawa ta gabato, lokacin da barci ke raguwa, nake kuma barin ƙwallon yamma don in ƙara karatu. Saboda haka masaniyar ta sa na rubuta lokacin wasa da na barci a cikin jadawalin karatuna, da sharaɗin ba zan taɓa su ba ko da a makon jarrabawa ne.