Fuskar Kaka a cikin marfin jaka

Asabar, da dare.

Yau tun bayan sallar asuba hoton Kaka ke hannuna. Shi kaɗai ne hotonta na ƙuruciya da ya rage mana, baƙi da fari, bai kai tafin hannu ba. A situdiyo aka ɗauke shi cikin shekarun 1970. Tana zaune a kujera, bayanta labule mai zanen furanni, ta turo ɗaurin ɗankwali gaban goshi, hannayenta biyu a kan gwiwa, lalle ya kama yatsun ya yi baƙi wuluk. Ruwa ya taɓa gefe guda ya bar tabo. Tun rasuwarta, Allah Ya jiƙanta da rahama, hoton nan yake yawo tsakanin Umma da ƙannenta mata, wannan ta riƙe, waccan ta aiko yaro a karɓo, har gefensa ya fara cinyewa. Shi ya sa na ƙudurta zan buga shi a yadi, in ɗinka wa kowacce nata.

Muna shan koko ƙanwata ta ce a yi filo kawai, irin wanda ake yi wa amare. Umma ta ajiye ludayi ta dube ta.

"Fuskar uwata za ku ɗora a abin da yara za su hau su zauna, su zubar da miyau? Kuma a ɗakin da nake sallah?"

Bakina da nata ɗaya ne a nan. Na daɗe ina jin zafin yadda muke yi da hotunan mutane a kayan rabon biki. A buga ango da amarya a tawul, a hankici, a jakar leda, shekara ba ta zagayo ba sai ka tarar da fuskar amarya ana goge ƙasan kicin da ita. Atamfar siyasa ma haka, ƙarshenta tsumman goyo ko na share keken ɗinki. Kowane yadi yana tsufa, kuma ya kamata mai buga fuskar mutum a kai ya tambayi kansa tun farko inda yadin zai ƙare. Saboda haka muka tsaya a kan ƙaramar jaka ta ajiye sarƙa da 'yan kunne, mai marfi, hoton kuma daga ciki. In an rufe ba a ganin komai sai shuɗin yadi. Wadda ta so ganin mahaifiyarta ta buɗe.

Da hantsi na hau adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari. Farin yadi nake nema na auduga zalla, mai saƙa a matse, don in saƙar ta yi sako-sako fuska ba ta fita sosai. Wani dattijo ya janyo min bandir ɗin alawayyo, ya ce, "Hajiya, in auduga kike so ba ki da kamar wannan." Gaskiya ya faɗa, amma na kasa. Da shi aka yi wa Kaka sutura, ba zan iya ɗora fuskarta a kansa ba. Na ce, "Alhaji, a duba min wani." Bai tambaye ni dalili ba, ya kawo wani fari mai laushi, ya zare zare ɗaya daga bakin ya ƙyasta masa ashana. Ya ci da wuta ya zama toka mai ƙaurin takarda. Da da roba a ciki, da ya narke ya dunƙule.

Daga nan sai wajen mai buga hotuna a Sabon Gari. Yaro ne matashi, amma ya san aikinsa, kuma bai yi min rowar bayani ba. Da na nuna masa hoton da na ɗauka da waya, ya girgiza kai. Ya ce hasken taga ya kwanta a goshinta, kuma in na turo ta WhatsApp a matsayin hoto za a matse shi ya rage kyau, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Ya karɓi na ainihin da hannu biyu, ya sa a na'urar sikanin, ya saita ta a kan 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, saboda ƙanƙantar hoton. Da ya fito a fuskar kwamfuta na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: ashe akwai ƙaramin zobe a ɗan yatsanta na hagu, kuma ɗankwalin yana da ɗigo-ɗigo. Ya tambaya ko ya goge tabon ruwan, ya ƙara mata launi kamar yadda ake yayi yanzu. Na ce ya rage tabon inda ya taɓa kafaɗarta kawai, launi kuwa a'a. Launin da kwamfuta za ta ƙirƙira ba shi ne na zanenta ba, kuma 'ya'yanta a baƙi da fari suka san hoton.

Hanya uku ya lissafa min. Akwai wadda suke yi wa rigunan ƙwallo da kofuna, wadda tawadar ke zama tururi a zafin da ya kai digiri 200 ta shige cikin zaren. Ba ta fashewa, hannu ma ba ya jin ta, amma sai a farin yadin roba, a auduga wanki kaɗan take bi ruwa. Akwai takardar da ake bugawa a firinta ta gida a manna da dutsen guga, ita ce mai araha, sai dai tana zama ɓawo a saman yadi, ta tsattsage in an sha wanki. Ta ukun ita suke kira DTF: a buga hoton a wata leda ta musamman, a barbaɗa mata garin gam, a gasa, sannan a matse a kan yadi da injin zafi na 'yan daƙiƙu. Ita tana kama auduga. Na zaɓi ta ukun. Na san ta farkon ta fi laushi, amma ba na son yadin roba a abin da zan yi wa ɗinkin hannu, allura ba ta jin daɗinsa, ni ma haka.

Ya ce ba za a matse yau a sabon yadi ba sai an wanke shi, domin sitacin kamfani yana hana gam kamawa, kuma auduga tana tsukewa a wankin farko ta tattare hoton. Allah Ya taimake ni ina da ƙyallen fari wankakke a jaka, muka gwada a kansa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka jira ya tayar da janareta injin ya sake ɗaukar zafi. Da ya ɗaga murfin ya bar ledar ta huce, ya kama kusurwa ya ɓare a hankali, sai ga Kaka a kan yadi, har zoben. Na yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce, "Allah Ya jiƙan Hajiya." Na ce amin.

A hanyar dawowa na tsaya marinar Ƙofar Mata na sayi yadi mai rinin baba mai duhu da za a yi bayan jakar. An ce tun 1498 ake rini a wurin, kuma har yanzu da baba da toka ake haɗa ruwan a cikin ramuka. Kaka ta kasance mai son baƙin zane irin wannan, shi ne dalilin zaɓin. Matsalarsa ɗaya, yana zuba. In na haɗa shi da fari ba tare da na wanke ba, damina ɗaya za ta shafa wa fuskar shuɗi. Ina isa gida na jiƙa shi shi kaɗai a baho, na yi ta sauya ruwa har ya fara fita garau. Farin ma na wanke shi daban na shanya a inuwa. Da iskar hunturun nan kafin magariba duk sun bushe.

Bayan isha'i na zauna da ƙyallen gwajin don in ga yadda jakar za ta tsaya. Na yanka shuɗin, na sa farin a matsayin shafi, na bar tazarar yatsa biyu tsakanin hoton da bakin ɗinki. Abin da na gane shi ne allura ba ta son bi ta kan bugun, tana barin huda da ba ta rufewa, saboda haka duk surfanin sai ya zagaya daga waje. Na yi masa ɗinkin sarƙa da farin zare, layi ɗaya siriri. Zif na fasa sawa, don haƙoransa za su riƙa gogar hoton. Maɓalli ɗaya da ɗan madauki sun isa. Wurin lanƙwasa marfin kuma na sauke shi ƙasa da hoton sosai, kada buɗewa da rufewa su karya fuskar a tsakiya.

Umma ta shigo ta karɓa, ta buɗe, ta matsa kusa da fitila. Ta ce zoben nan na azurfa ne, Gwaggo Babba ce ta gaje shi. Ta zauna bakin gado ta ba ni labarin ranar da aka ɗauki hoton, wai aron takalmi Kaka ta yi wajen kishiyarta, shi ya sa ta ɓoye ƙafafun a ƙarƙashin zane. Ban taɓa jin wannan ba sai yau.

Gobe in Allah Ya kai mu zan goge farin, in yanka shi gida huɗu, Litinin in mayar a matse. Kowace jaka zan saka mata 'yar takarda a ciki: a wanke da hannu da ruwan sanyi, kada a sa bilic, kada a murɗe, a goge ta baya, kada dutsen guga ya taɓa hoton. Na ainihin kuma Umma ta ce a sa shi a ambulan a kai wa Baffa ya ajiye cikin takardun gida, ya huta da yawo.