Takarda Ta Ce Babu DDT, Amma Ɗansa Yana Cikin Laka

A shekarata ta biyu a ɗakin gwaje-gwaje aka tura ni wani yankin noman rani in ɗebo ruwa da laka daga magudanan lambu. Fam ɗin da aka ba ni yana ɗauke da jerin magungunan ƙwari da aka haramta, DDT ne a sama. Aikina in duba, in rubuta akwai ko babu.

Da sassafe na kwashi lakar, baƙa mai yauƙi, a kwalaben gilashi, na jera su a kula mai ƙanƙara. Da na'ura ta fitar da zanen sakamako, gurbin DDT wayam. Sai dai wani tsini, alamar akwai wani sinadari, ya miƙe kaɗan kafin gurbin. Na duba fam, ban ga sunansa ba, na rubuta "babu", na sa hannu.

Bayan mako guda wata babbar ma'aikaciyarmu ta ga zanen a teburina. Ta ɗora yatsa a kan tsinin ta ce, "Ɗana, wannan fa?" Na ce, "Hajiya, ba ya cikin jeri." Ta ce, "DDE ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ranar na gane abin da na karanta a makaranta ban riƙe ba. DDT ba ya ɓacewa haka kawai, rikiɗewa yake ya zama DDE ko DDD. Shi DDE ya fi uban daɗewa a ƙasa, yana taruwa a kitsen kifi da na mutum, har nonon uwa yakan kai, kuma shi ne ke sa ɓawon ƙwan tsuntsaye ya yi laushi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take haɗa DDT da 'ya'yansa a ƙidaya ɗaya, kada su wuce maikirogiram 1 a kowace litar ruwan sha. Haka magungunan ƙwarin nan aldrin da dieldrin, tare ake lissafa su, domin na farkon yana komawa na biyun. Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya ta 2001 ta taƙaita amfani da DDT, amma ba ta kwashe wanda ya riga ya kwanta a laka ba.

Ba mu kaɗai ne da wannan giɓin ba. Tarayyar Turai ta hana chlorothalonil, wani maganin feshin cututtukan amfanin gona, a 2019, sai ga abin da ya rikiɗe ya zama a ruwan famfon Faransa a 2023, da aka fara nemansa.

Abin ya tsaya mini a rai, domin na ga yara suna kama tarwaɗa a magudanar da na ce lafiya lau take. Na janye rahoton, na sake gwajin da samfurin DDE na awo, na rubuta na gaskiya. Mun yi wata uku muna kai-komo kafin a yarda a ƙara DDE, DDD da endosulfan sulfate, ɗan maganin ƙwarin endosulfan, a fam ɗin. Yanzu duk tsinin da ban gane ba, sai na kewaye shi da jan biro na kai wa Hajiya kafin in sa hannu.