Kamfani ake bi, ba ni ba

Ɗan ƙanwata yana sayar da wayoyi a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, kwanan nan kuma ya fara karɓar kuɗin mutane ta WhatsApp da sunan zai sauto musu kaya daga Chana. Dala ta motsa, kuɗin ya kasa, masu kaya sun dame shi da kira. Da na tambaye shi yadda zai yi, ko ɗago kai daga wayar bai yi ba, ya ce, "Kawu, ai kamfani ne ya karɓa. Na tambayi lauya, a doka ba ni ake bi ba." Gabana ya faɗi, domin maganar da ta fito daga bakina ke nan a Kantin Kwari a 2016.

Ni atamfa da shadda nake shigowa da su a lokacin. Na yi wa kamfanina rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 1990, wadda ta ce sai mutum biyu ne za su kafa kamfani, sai na sa sunan uwargidana, wadda har yau ba ta san inda ofishin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yake ba. Ban da jarina da bashin banki, ina karɓar kuɗin sautu. Masu tebur, yaran shago da suka fara tara na kansu, wata baiwar Allah da aka raba mata gadon mijinta, kowa ya kawo nasa a ƙulle cikin leda, in rubuta masa rasit mai ɗauke da sunan kamfani da hatimi. Babu wanda ya taɓa karanta sunan nan. A wurinsu Alhaji suka ba.

A watan Yunin 2015 Babban Banki ya cire kayayyaki 41 daga samun dalar gwamnati, har da yadi. Shekara ta zagayo aka saki naira, dala ta tashi daga kusan 197 zuwa wajen 280 a rana guda, a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, kuwa sai da ta taɓa 500 a farkon 2017. Kuɗin da zai cika kwantena ya koma da ƙyar ya kai rabi. Wannan dai ba ni na jawo ba, kuma duk wanda ya ce a lokacin ya san abin yi, ƙarya yake.

Banki yana riƙe da takardar gidana, kuma tun ranar karɓar bashi suka sa na sa hannu cewa in kamfani ya gaza ni zan biya da kaina. Su sun san doka, sun toshe ƙofar tun kafin in gan ta. Sai na kwashe abin da ke asusun kamfani, har da kuɗin sautu, na rufe bakin banki. Lauyana ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla: a idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, bashinsa nasa ne, mai hannun jari ba ya asarar abin da ya wuce jarin da ya sa. Ya ce kotu tana iya tsallake kamfani ta kamo mai shi in an tabbatar da zamba, amma wa zai kai ka? Kuɗin lauya kaɗai ya fi abin da wasunsu ke bi. Wani ya kai ni wurin 'yan sanda, lauya ya zo ya ce wannan rikicin ciniki ne, 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. Kafin la'asar ina gida.

Na gaya wa kaina ina da 'ya'ya, ba zan bari a jefo su titi ba. Har yau in na tuna yadda uwargida ta riƙa kwana ba barci, sai in ji da an maimaita wataƙila abin da zan sake yi ke nan. Na kuma ga manyan da suka fi ni cin kuɗin mutane suna sahun gaba a masallaci. To amma gidan nan da na tsira da shi, da kuɗin wa na fanshe shi?

Akwai wani dattijo mai tebur a layinmu da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kullum da safe zai ce, "Alhaji, an tashi lafiya? Allah ya kawo kasuwa," ya wuce. Na gwammace ya zage ni. Da ya rasu, a wurin jana'iza aka yi sanarwar da aka saba, duk wanda mamaci ke bi bashi ya zo ya faɗa. Ina tsaye a sahu, ban ce uffan ba. Bayan sadakar bakwai babban ɗansa ya zo shagona da rasit ɗin, an ninke shi gida huɗu, gefensa ya sha mai, tawadar hatimin ta koɗe. Ya ce a aljihun rigar Baba suka gani, ba su san ko an biya ba.

Na biya shi, na kuma biya yawancin sauran a hankali da kasuwa ta dawo. Sai dai adadin da ke rubuce a rasit na biya, bayan shekaru, da nairar da ba ta iya sayen rabin dilar da kuɗinsu zai saya a ranar da suka ba ni. A takarda na fita. Na tambayi malamai, wani ya ce adadi ake mayarwa, wani ya ce in faɗuwar kuɗi ta yi muni kuma jinkirin daga gare ka ne, sai a duba ƙima. Na ɗauki fatawar da ta fi mini sauƙi. Hadisin da ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne kuwa na san shi tun ina makarantar allo da ta dare.

Na zauna ne da niyyar jero muku shawarwari da yawa, ku matasan 'yan kasuwa, amma ga abin da ya rage. Ku yi rajista, ku rubuta komai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuwa muna jin kunyar cewa ɗan'uwa ya sa hannu. Amma in mutum ya kalli fuskarka ya miƙa maka kuɗi, kai ya ba, ko me aka buga a saman rasit. Na san maganar biyu kamar suna karo, ku riƙe su haka.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta sa mutum ɗaya ma yana iya buɗe kamfani, shi ya sa yanzu kowane yaro shugaban kamfani ne a Instagram, shagonsa bai fi tabarmar sallah ba. Ba ku taɓa ɗaukar dila a ka ba, ba ku yi yaron shago ba, amma kun haddace "ba a mayar da kuɗi bayan an biya" kun liƙa a ƙasan talla da ƙananan haruffa. Mu da muka lalace ma sai da muka yi shekaru muna riƙon amana tukuna.

In kuɗi ya kasa, ka kira masu shi tun ranar, kafin su kira ka, ka faɗa musu nawa ya rage, a raba asarar ido da ido. Kada ka haɗa kuɗin sautu da naka a asusu ɗaya. In son samu ne ma kada ka karɓi sautu sam, ko da yake ni da sautun na yi arziki, kuma ban san wata hanyar da yaro marar jari zai tashi a Kwari ba.