Abin da ke kashe katin memori a na'urorin sola na ƙauye

Na'urar da ke lissafin ruwa a rijiyar burtsatse mai sola, ko mai rubuta sanyin firijin rigakafi a ƙaramin asibiti a yankin Gumel ko Ringim, yawanci da asuba take mutuwa. Batir ya yi ƙasa cikin dare, kwantirolar caji ta yanke wuta ba sallama, rana ta fito wuta ta dawo, na'ura ta ƙi tashi. Sai a ce kati ne ba shi da kyau, a sayo sabo, bayan wata biyu a koma gidan jiya.

Laifin yana cikin yadda memorin NAND, wato irin memorin da ke cikin katin, ke rubutu. Ana rubuta shi shafi-shafi, kilobait 4 zuwa 16, amma ba a goge shi sai dami guda mai shafuka ɗaruruwa. Ba a sake rubutu a kan shafin da aka riga aka cika. Don haka in ka gyara layi ɗaya a fayil, ƙaramar kwantirolar da ke cikin katin sai ta kai shi sabon wuri, ta gyara jadawalin da ke nuna mata inda komai yake. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar gyaran jadawalin nan, ba fayil ɗaya za ka rasa ba, katin gaba ɗaya na iya rikicewa.

Akwai wadda ta fi wannan ban haushi. A memorin MLC da TLC, masu cusa bayani fiye da ɗaya a kowace ƙwayar ajiya, shafuka biyu ko uku suna zaune a ƙwayoyi ɗaya. Wuta ta yanke ana rubuta shafin sama, sai na ƙasa ya lalace, alhali an rubuta shi tun ɗazu, har manhaja ta tabbatar ya zauna. Shi ya sa ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux da ake yabo, ba ya ceton ka a nan: yana kare tsarin fayiloli ne bisa zaton katin bai yi masa ƙarya ba. Tsohon tsarin FAT32 kuwa ko wannan kariyar ba shi da ita.

Magani mafi araha shi ne rage rubutu. A ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, kunna overlay (mai hana rubutu ya sauka a kati) a cikin manhajar saiti ta raspi-config, ɓangaren da ake tashi da shi ya zama na karatu kawai. Bayanan aiki a ware musu nasu ɓangare, a tara su a RAM, memorin wucin gadi na na'urar, a zuba sau ɗaya duk minti goma maimakon duk daƙiƙa. Fayil ɗin saiti kada a gyara shi a inda yake: rubuta sabo da wani suna, kira fsync (umarnin da ke tilasta rubutu ya sauka a kati), sannan ka canza masa suna ya hau kan tsohon. A ƙaramin allon ESP32 yi amfani da tsarin fayiloli na littlefs, don wannan matsalar aka ƙera shi. Lambar da ke canzawa kullum, irin adadin litar ruwa, wurinta FRAM, wani memori na daban da ba ya mantuwa in wuta ta ɗauke: samfurin MB85RC256V yana ɗaukar kilobait 32, kuma rubutunsa yana zama nan take, ba sai an goge komai ba.

Sai kuma a ba na'ura lokacin yin sallama. A nan ne masu haɗawa suka fi kuskure, suna liƙa kafasita, mai riƙe wuta na ɗan lokaci, a layin folt 5, inda Pi ke fara ƙorafi tun a wajen 4.63, kusan babu sararin sauka. Sa ta a layin folt 12, kafin mai rage wuta. Pi mai cin wat 3 yana buƙatar jul 30 don ya rufe cikin daƙiƙa 10. Daga folt 12 zuwa 7, lissafin rabin C (girman kafasitar) sau bambancin murabba'in folt ɗin yana ba da kusan farad 0.63. Babbar kafasita mai farad 10, folt 2.7, guda shida a jere suna ba da farad 1.67 da juriyar folt 16.2, wanda ya wuce 14.4 na cajin batir. A sa musu allon daidaita caji, da rizista mai rage gudun wuta lokacin cika su, da dayod Schottky, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a gabansu don kada su mayar da wutar baya. Wayar da ke sanar da GPIO, ƙafar Pi mai karɓar sigina, cewa wuta ta tafi, ta hanyar rizista biyu masu rage ta ƙasa da folt 3.3, dole a ɗauko ta kafin dayod ɗin. In aka ɗauko ta bayansa, sai tuwo ya ƙone labari zai iso.

ESP32 bai buƙatar duk wannan. Amfiya 0.1 na milidaƙiƙa 50, daga folt 5 zuwa 3.6, kafasita mai mikrofarad 4700 ta isa. Sai dai a ɗaga matakin mai gano faɗuwar wuta na cikinsa, don yana zuwa a kan kusan folt 2.43, alhali memori irin W25Q32JV tana son 2.7 zuwa sama.

Zafi ma yana da nasa rabon. Akwatin ƙarfe a ranar Afrilu a Haɗeja yana gajarta rayuwar kafasita, kuma memori mai zafi tana saurin sakin abin da ta riƙe. A rataye shi a inuwar allon sola, a bar masa kafar iska. Kati kuwa a nemi na masana'antu mai SLC ko pSLC, masu ajiye bayani ɗaya a kowace ƙwaya, ko da gigabait 8 ne, a gwada shi da manhajar H2testw ko f3 domin na jabu sun cika kasuwa.

Kafin a ɗora na'ura a kan babur zuwa ƙauye, haɗa ta da rile, makunni mai sarrafa kansa, mai yanke wuta a lokuta mabambanta tana cikin rubutu, sau 500 aƙalla. Kowane layin bayani ya kasance da lambar jeri da CRC, lambar da ke nuna ko layin ya gurɓata, don a kowane tashi a ƙirga layi nawa ya ɓata da nawa ya gurɓata.