Ɗan firjin cikin ɗaki

Na dawo Sakkwato lafiya, amma takardar kuɗin nan tana aljihuna har yanzu, ina ciro ta ina kallo.

Kwana huɗu muka yi a jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Maliya, daga Jidda muka tashi. A ɗakinmu akwai ɗan firji cike da lemo da ruwa da cakulan. Mu da muka saba a miƙa wa baƙo ruwan randa kafin a gaisa, sai na ɗauka tarbar baƙo ce. Hajiya ta ce, "Alhaji, bari dai mu tambaya." Ban ji ba.

Ashe duk gwangwanin da ka buɗe, mai gyaran ɗaki yana ƙirgawa, a hau da shi kan katin ɗakinka. Sannan a ɗora kashi 18 cikin 100, wai ladan hidima. Wace hidima? Ni na buɗe firji, ni na sha! Ga kuma wani kuɗin ma'aikata da ake cira kullum, kan kowane mutum.

Ba na ja da haƙƙin ma'aikatan, suna shan wahala. Ɓoye zancen cikin ƙananan rubutu ne ya ƙona min rai. Hajiya kuwa tun daga Jidda take min dariya.