Alƙalin da aka rinjaya, ni kuma na ba shi nasara

Har yau in aka ambaci sunan Denning, wani alƙalin Ingila, sai na ji wani abu ya tsaya min a rai, alhali bawan Allah bai yi min komai ba.

A shekarata ta biyu a sashen koyon lauya, da takardar taƙaitattun shari'o'i da na gada daga 'yan ajin gaba nake karatu. Kowace shari'a layi biyar, na haddace su tas. Da tambaya ta fito a jarrabawa kan akantan da ya ba da lissafin da ya jawo wa wani asara, har murmushi na yi. Na kawo shari'ar Candler da Crane Christmas ta 1951, inda Candler ya zuba fam 2,000 a wani kamfani bisa lissafin akantocin Crane Christmas, kamfanin ya durƙushe. Na rubuta cewa kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ɗora wa akantocin laifin sakaci, na cika shafi biyu da hujjojin Denning.

Ashe Candler faɗuwa ya yi. Alƙalai uku ne suka zauna, Cohen da Asquith suka ce babu kwantiragi tsakaninsa da akantocin, don haka ba shi da haƙƙi a kansu. Denning shi kaɗai ya saɓa. Wanda ya rubuta takardar nan maganar Denning ce ta burge shi, ya kwafe ta bai ce ra'ayin marar rinjaye ba ne, ni kuma na haɗiye ba tauna.

Abin da ya fi ƙona min rai, Denning ɗin ne ya yi gaskiya daga baya. A 1963, a shari'ar Hedley Byrne da Heller, kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta karɓi ra'ayinsa. Ko a can ma masu ƙara ba su ci ba, domin Heller, bankin da ya ba da bayanin da suka dogara da shi, ya rubuta tun farko cewa ba ya ɗaukar alhakin bayaninsa. Da na buɗe littafin rahoton kotu na rabin sa'a, da wannan labarin ne amsata. A tsarin shari'ar Ingila hukuncin jiya ne ke ɗaure alƙalin yau, amma ba duk abin da alƙali ya furta ne ke ɗaurewa ba. Dalilin da masu rinjaye suka gina hukunci a kai shi ne doka, sauran sai dai a yi ƙoƙarin shawo kan kotu da shi.

Na maimaita kwas ɗin. Yanzu kafin na karanta hujjar kowa sai na duba ƙarshe: wace kotu ce, alƙalai nawa, wa ya ci, wa ya saɓa. Ina rubuta wannan da hannuna a saman shafi. Takardar nan kuwa, makon jiya na gan ta a hannun wani ɗan aji ɗaya, layin Candler na nan yadda yake.